Karen da Hausa Kawai Yake Ji

A tashar motocin Khaibar, wani tsoho riƙe da kare a igiya ya tare wani mai jiran mota. Karen ya fi su duka natsuwa.

"Alhaji, na ji ka ce gonar dabino kake gadi. Karɓe shi fisabilillahi. An sayar da gonarmu ta Awali, ni kuma gobe sai jirgin Kano."

"Baba, wa ke ɗaukar tsohon kare? Sake shi mana."

"'Yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, su ba shi guba? Ba ya sata, ba ya cizon na gida. Aibinsa ɗaya, Hausa kawai yake ji."

"Ya fi 'ya'yana ke nan. Ina yi musu Hausa, suna mayar mini da Larabci."

"To ai ka samu abokin hira."

Mutumin ya tsuguna ya ce, "Zo nan." Karen ya zo.

"Zai kai baɗi kuwa?"

"Allahu a'alam. Haƙora sun fara zubewa."

"A'a, Baba, ma'alesh, ka yi haƙuri. Bara na binne matata, ita kaɗai ke amsa mini da Hausa. Ba zan sake sabawa ba."

Mota ta zo, ya shiga. Karen ya bi shi har iyakar igiyar.