Wurin da Ake Cewa "Baba"

Auta: Salamu alaikum. Baba, ina wuni?

Baba: Wa alaikumus salam. Autata ce? Ya aiki, ya shago?

Auta: Lafiya lau. Ya ƙafar?

Baba: Da sauƙi. Ya maigidan naki, ya yara?

Auta: Duk suna gaishe ka. Ka sha maganinka?

Baba: Na sha. Mene ne wannan ƙara a bayanki?

Auta: Kekunan ɗinki ne, aiki ya yi mana yawa. Baba, muryarka ba ta yi min ba. Me ya faru?

Baba: Ba komai. Na dai sa yayanki ya sauke jitar nan daga bango.

Auta: Jika? Wane jikan ne ya hau bango?

Baba: Jita! Ji-ta, abin kiɗana! Zan bayar da ita, ta ishe ni da kallo.

Auta: Haba Baba! To wasan da aka gayyace ka fa? Ba yau za ka ba su amsa ba?

Baba: Yau ɗin ne. Zan ce su nemi wani.

Auta: Saboda me?

Baba: Ba ki saurari rediyo da safe ba? Shiri guda suka yi a kaina, wai ko har yanzu ana yayin Mai Baƙin Gilashi. Wani ya bugo ya ce ni na lalata tarbiyyar zamaninsu. Wannan bai dame ni ba, zagi ai tare muka tsufa. Sai wata yarinya ta bugo ta ce, "Au, dama yana da rai?"

Auta: Kai! Ba ta da kunya.

Baba: Ba rashin kunya ba ne, da gaske take tambaya. Shi ya fi min ciwo. Da can masu zagina ma sai sun haddace waƙar kafin su zage ta. Yanzu in hau dandamali da sanda, in tarar da kujeru suna kallona? Tsoro nake ji, Auta. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba.

Auta: Baba… alo? Kana jina?

Baba: Ina jinki, sama-sama.

Auta: Bari in matsa bakin taga. Ka san dalilin da na kira? Mu ma mun ji shirin nan a shago. Tun da aka gama matan nan suka hana ni sakat da waƙarka "Fitilar Tagarki". Ka san wace ce zaune a kan benci tana jiran rigarta?

Baba: Wa?

Auta: Shugabar makarantarmu ta da.

Baba: Wadda ta taka kaset ɗina a gaban ɗalibai?

Auta: Ita fa! Ga ta nan tana kaɗa ƙafa. Ɗazu mai yi mana aikin maɓalli ta yi kuskure a baiti na biyu, ita ta gyara mata.

Baba: Ke dai kina son ki faranta min ne.

Auta: To saurara da kunnenka. Ku ɗan tsayar da kekunan! Ku ɗauko daga amshi, kawuna ne a waya, yana son waƙar.

Baba: Kawu kuma?

Auta: Yi shiru mana, Baba.

Muryoyi: Fitilar tagarki ba ta mutu ba, ni ma ban tafi ba… Baba!

Baba: Na'am?

Auta: Ba ni ba ce, su ne.

Baba: Su wa? Ba kin ce musu kawu ba?

Auta: A cikin waƙar ne. Duk wanda ya iya ta, in ya zo daidai nan sai ya ɗaga murya ya ce "Baba!" A mota haka, a aski haka, har yarana haka suke yi. Sun ɗauka salo ne ka ƙirƙiro.

Baba: Salo? Ikon Allah. Ke ce fa!

Auta: Na sani.

Baba: Ba ki sani ba, lokacin ko takalmi ba ki iya sawa daidai ba. Marigayiya mahaifiyarki ce ta biyo da ke ɗakin ɗaukar sauti, kika zame daga hannunta, kika turo ƙofa kika ƙwala min kira ana tsakiyar ɗauka. Mai na'ura ya ce a sake, na ce wallahi ko za a fasa waƙar ba za a goge muryar nan ba. Mahaifiyarki tana bayan gilashi, dariya har da hawaye.

Auta: Allah Ya jiƙanta.

Baba: Amin. Su waɗannan ba su san ke ce ba?

Auta: Ban taɓa faɗa ba. Daɗi nake ji in ga manyan mata da jikokinsu suna kiran babana.

Baba: Har da shugabar?

Auta: Ita ta fi kowa ƙarfin murya.

Baba: Ce musu su sake. Amma sun cika sauri, a ja "tafi ba" ɗin kaɗan.

Auta: Wai ku sake, ku ja "tafi ba".

Muryoyi: …ni ma ban tafi baaa… Baba!

Baba: Na'am. Na'am, ina nan.

Auta: Baba, kuka kake yi?

Baba: Mura ce. Ke, kira yayanki ki ce kada ya kai jitar ko'ina, ya saya mata sababbin tsirkiyoyi. Kuma riga nake so, baƙa, irin ta da. Sai dai ki ƙara faɗi, tumbin ya…

Auta: Yi sauri, katina ya kusa ƙarewa!

Baba: To, to. Ranar wasan, in an zo daidai wurin nan, zan ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ke nake so ki…

Auta: In me? Alo? Alo, kana jina? Baba!