Hanyar Tudu a Kulle Sai Mayu

Ina jiran a yi mini facin taya a wani gidan mai a garin Pinedale, na ji wani dattijo da wata mata mai motar dabbobi suna magana.

"Wai an kulle hanyar tudu sai watan Mayu?"

"An kulle, Baba. Kajin daji na rawar neman aure."

"Filin ai na kowa ne. Kajin ne suka yi zaɓe?"

"Ƙarar mota ke korar matansu. A da zakaru sittin ne a wurin, bara sha ɗaya muka ƙirga."

"Au, ashe ke kika jawo mana."

"Ni ce. Farauta za ka?"

"Kallon rawar za mu. Shekara arba'in ni da matata Darlene ba mu taɓa fashi ba. Ga ta can a mota, ƙafa ta ƙi."

"Kafin watan Mayu kajin sun gama rawa."

"Na sani. Likita kuma bai yi mata alkawarin baɗi ba."

Mai motar dabbobin ta daɗe tana kallon motar dattijon.

"Mota aka hana. Za ta iya zama kan alfadarina?"

"Ba ta taɓa hawa ba. Ga ta da faɗa."

"Shi ma haka yake. Ku same ni bakin ƙofar hanyar gobe da asuba, a saka mata riga mai kauri."