Inda Za a Huda Salansa

A wani gareji a Fadaman Mada, direban tirela ya cafke hannun bakaniken da ke sa masa agogon zafin hayaƙi.

"Dakata, Oga! Bayan turbo za ka huda, ba gaba ba."

"A baya ai hayaƙi ya huce. Agogon ƙarya zai riƙa yi maka."

"Kai za ka tuƙa ko ni?"

"Mai motar ya ce gaba. Inji biyu suka ƙone masa a hawan Jos."

"Hoton agogon fa zan riƙa tura masa! Allura na taɓa ja, zai karɓe makulli."

"To ka rage lodi mana."

"Wa ya ce maka ina ƙara lodi a hanya?"

"Ni ragi na ce, Malam. Kai ka kawo zancen ƙari. Sakar min hannu."