Murfin Ramin Wanka

A bakin shagon siminti, wani tsohon magini yana jiran a loda masa kaya sai ya ji mutumin da ke gefensa ya ce a ba shi buhu biyu.

"Malam, aikin mene ne?"

"Murfin ramin ruwan wanka zan sake zubawa, Baba. Na bara ya rufta."

"Yaya ka kwaɓa shi?"

"Kwano ɗaya na siminti, biyar na yashi, takwas na tsakuwa."

Maginin ya dube shi sama da ƙasa. "Ai wannan ko kaza sai ta yi sanɗa. Wa ya taka?"

"Surukina. Kullum yakan zo duba yadda nake riƙe 'yarsa."

"Subhanallahi! Ya ji ciwo?"

"Ko ƙwarzane. Iya ƙugu ya nutse."

"To, ka yi ɗaya, biyu, huɗu, ka sa rodi. Ko mota ta hau ba zai motsa ba. Surukin ya huce dai?"

"Oho. Tun ranar bai sake tako gidan ba."

Mutumin ya sosa gemu. Can ya leƙa cikin shagon.

"Mai siminti, bar shi buhu ɗaya."