Nan Wurin Dattijo Ne

Mai gabatarwa, salama gare ka. Ni ne Bitrus kafinta daga Ketaren Gwari, wanda ya kafa shagonsa da guminsa.

Kullum ana kukan mutane suna raguwa a cocinmu. Ranar Lahadi na gayyato sabon maƙwabcina da matarsa, suka zauna a gaba. Sai wata mama ta taɓo shi ta ce, "Ɗana, ku koma baya, nan wurin Dattijo ne." Dattijon kuwa tun bara ya koma Abuja! Ni na haɗa bencin nan, kuma ba don mutum ɗaya na yi shi ba.

Maƙwabcina ya ce ba zai sake zuwa ba. Masu sauraro, me zan ce masa ya dawo, alhali wanda ba ya nan ya fi shi wurin zama?