Inshorar Buhun Masara

A tashar Makarfi, direba ya ga Paulina riƙe da wani kati cikin leda.

"Mama, wannan fa?"

"Inshora ce."

Ya tuntsire da dariya. "Inshora ai ta mota ce! Ina motar?"

"Ga ta tsaye gabanka, ni ce motar. Tun da soja suka ce a tsuke bakin aljihu, gidan burodin da nake aiki suka ce ba ruwansu da ciwonmu. Sai na shirya da asibitin mishan: buhun masara duk kaka, su duba mu shekara guda."

"An cuce ki!"

"Ka ga mai ɗaure kaya saman motarka? Mijina ne. Kububuwa ta sare shi a gonar rake. Aka yi masa magani, ko kwabo ba mu biya ba."

Direba ya ɗaga kai ya dubi mutumin, sannan ya rage murya.

"Mama, suna karɓar dawa?"