Luƙman Mai Tabarau

A wata rumfar atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar, Ikilima, ɗalibar jami'a, tana zaɓen zanen ankon ƙungiyarsu ta muhawara. Dattijo mai rumfar ya girgiza kai.

"'Yata, karatu aka tura ku ko taro? Ɗana Luƙman ma haka. Tun da ya shiga wata ƙungiya, shago sai dai ya leƙo."

Ikilima ta ɗago kai. "Baba, Luƙman mai tabarau?"

"Shi fa."

"Ai shugabanmu ne. Makon farko ni kaɗai nake zama a aji, don an ji daga Kilomita Biyar nake, unguwar Musulmi. Har na yi niyyar barin karatun. Shi ya kai ni ƙungiyar, yanzu ƙawayena ba sa ƙirguwa."

"Luƙman ɗin? A gida sai an yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya."

"Idan ya miƙe yana magana da yaren Sango, zauren tsit yake yi, Baba."

Dattijon ya naɗe atamfar a hankali, yana gyara bakinta.

"Yaushe ne taron naku?"

"Ranar Asabar."

"To, ana barin tsofaffi su zauna a baya?"